Tsakanin Sha-Ka-Fashe da Yankan Tumbi: Gargaɗi ga Iyayen Matameye

A watan Oktoba 2024 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga sakamakon wani bincike da aka shafe shekara 10 ana bibiya. Matasa 260 ne, masu shekara 13 zuwa 19, waɗanda ƙiba ta yi wa katutu har aka yi musu aiki a ciki don a rage ta. Bayan shekara 10, ma'aunin ƙibarsu yana ƙasa da na da da kusan kashi 20 cikin 100. Fiye da rabin waɗanda suka shiga da ciwon suga sun rabu da shi, haka ma masu hawan jini. Sakamako ne mai kyau, kuma kyawun nasa ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san yadda irin wannan labari yake isowa garinmu. A guntun bidiyo yake zuwa, a wayar ƴar makaranta: ga hoton da, ga hoton yanzu, ga lambar da za a kira. Sharuɗɗan da suka sa aikin ya yi nasara a can kuwa, tun a hanya ake zubar da su.

Hanyar ma ba ta da tsawo. Mutum ya hau mota a tashar Matameye da safe, ya bi ta Ɗan Barto, ya tsallaka Kwangwalam, ya ratsa Daura, kafin rana ta faɗi yana Kano, inda jirage ke tashi zuwa Masar da Saudiyya. Masu hali a cikinmu sun saba fita neman magani Tunisiya da Indiya da Turkiyya, kuma duk inda ake fita neman magani ba a rasa dillalai. Alhajin da Allah ya buɗa wa, yana da ɗiya da ƙiba ta dama, ana yi mata dariya a makaranta tana dawowa tana kuka a ɗaki, ba zai ji ciwon sayar da shanunsa ba in aka ce masa mako guda ya isa a raba ta da abin. Shi nake wa magana, da Hajiya, da gwaggon da ba a yanke shawara sai da ita. Ina yi tun yanzu, tun abin bai zama yayi ba, domin in ya zama yayi ba a jin kira.

Su wane ne aka yi wa aikin? Binciken, wanda ake kira Teen-LABS, Dokta Thomas Inge ne ya jagorance shi, gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, aka fara ɗaukar yaran a 2007 a asibitoci biyar. Matsakaicin shekarunsu 17, matsakaicin nauyinsu kilo 149. A tsaya a auna wannan: buhu uku ke nan na shinkafa mai kilo 50, a jikin ɗan shekara 17. Akwai lissafin da likitoci ke yi na nauyi a kan tsawo, wanda in babban mutum ya kai 30 ake cewa yana da teɓa. Waɗannan yaran matsakaicinsu 53 ne. Da yawansu numfashi na ɗauke musu cikin barci, gwiwoyi da baya suna ciwo, wasu ƙoda ta fara taɓuwa. An gwada rage abinci, an gwada motsa jiki, abin ya faskara. Ba yarinyar da ta murje ake nufi ba, ba wadda ƙawaye ke tsokana da ƴar lukuti ba, ba kuma wadda ɗinkin sallar bara ya matse ba.

Aikin iri biyu ne. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi waje, a bar siririn zirin da abinci zai bi. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba ya tsirowa, ba a mayar da shi. A na biyu, wato aikin ratse, ana ware ɗan aljihu a saman tumbin, wanda bai fi mililita 30 ba, a jawo hanji daga ƙasa a ɗinka masa, sai abinci ya ratse sauran tumbin da farkon hanji. To a wannan farkon hanjin ne jiki yake tsotsar mafi yawan sinadarin ƙarfe da ake yin jini da shi, da kuma wanda ke gina ƙashi.

Ba zan ɓoye alherin abin ba. A rahoton 2016, shekara uku bayan aiki, nauyin yaran ya ragu da kashi 27 cikin 100, kuma cikin masu ciwon suga kashi 95 sun samu sauƙi har ba sa buƙatar magani. A 2019 aka kwatanta waɗanda aka yi wa aikin ratse cikinsu da manya da aka yi wa irinsa: bayan shekara biyar, kashi 86 na matasan sun rabu da suga, manya kuwa kashi 53. Irin wannan hujja ce ta sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a Janairu 2023, ta ce yaron da ya kai shekara 13 yana fama da matsananciyar ƙiba a tura shi ƙwararru su duba ko aikin ya dace da shi. Ga yaron da ya kai wancan matsayi, a hannun irin waɗancan likitoci, abin na iya zama ceton rai. Ban zo in ce yaudara ce ba.

Sai dai takardun da suka kawo albishir ɗin su ne kuma suka faɗi abin da ake biya. A shekara ta uku, kashi 57 cikin 100 na yaran ajiyar ƙarfen jikinsu ta yi ƙasa, kashi 13 kuma an sake komawa da su ɗakin tiyata. A ƙasar Suwidin, Dokta Torsten Olbers da abokan aikinsa sun bi matasa 81 shekara biyar, suka buga sakamako a 2017: a matsakaici kowa ya zubar da kusan kilo 37, amma ɗaya cikin huɗu an sake buɗe masa ciki, kuma kashi 72 suna da ƙarancin wani sinadari na gina jiki. Da aka waiwayi lafiyar zuciyarsu da tunaninsu, sai aka tarar damuwar da suka shiga da ita ba ta bi kitsen ta tafi ba. Cikin matasan Amurka 161 da aka yi wa aikin ratse, uku sun rasu kafin cikar shekara biyar, biyu daga cikinsu da alamun shan ƙwaya fiye da kima. Ciwon sugan da aka ce ya tafi ga kashi 95, da aka kai shekara 10 kashi 55 ne kawai bai dawo musu ba. Duk wannan ya faru ne a wuraren da ake shafe watanni ana shirya yaro kafin a taɓa shi, inda likitan yara da masanin abinci da likitan halayya ke zaune kansa, kuma bayan aiki ana kiransa awo a kan kari.

Yanzu a ɗauko yarinyarmu a dawo da ita Matameye, mako biyu bayan aiki, da takardar sallama cikin harshen da babu mai karanta shi a gidan.

Da farko jini. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, ƙananan yara kuwa 73 cikin 100. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba. Duk wanda ya leƙa asibiti da damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kan ganiyarsa, ya ga iyaye suna neman wanda zai ba ɗansu leda guda ta jini. Ƴaƴanmu mata da tumbinsu cikakke ma jinin bai ishe su ba, ga haila, ga zazzaɓi, ga tsutsar ciki. In yaran Amurka, da bitamin a aljihu da likita a waya, fiye da rabinsu suka rasa ƙarfe, me ake zaton zai sami tamu? Kuma ba maganin wata uku ba ne. Wanda aka yi wa wannan aiki zai yi ta shan ƙwayar ƙarfe da bitamin B12 da maganin ƙashi iya rayuwarsa, a riƙa auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, awon da ba kowane ɗakin gwaji ne ke iya yi ba. Mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, magunguna suka yi wuya suka yi tsada. Yarinyar da lafiyarta ta rataya a kan kwalbar da ake kawowa daga Kano ko Yamai, a irin wannan lokaci wa zai tsaya mata?

Sai aure, wanda bai dami masu binciken Amurka da Suwidin ba kamar yadda zai dame mu. A Nijar ƴan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Damagaram ma adadin ya fi haka. Likitoci kuwa sun ce mace ta jira aƙalla wata 12 zuwa 18 bayan aikin kafin ta ɗauki ciki, domin a lokacin jiki na zubar da nauyi da sauri, abin da take ci ko ita bai ishe ta ba balle ɗan tayi. Ga shi raguwar ƙibar na daidaita haila, ciki ya yi saurin shiga. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha kuma, bayan aikin ratse, ba lallai jiki ya tsotse ta yadda ya kamata ba, sai dai a koma ga irin wadda ake sakawa a damtse. Mu faɗa wa juna gaskiya: me zai sa a yi gaggawar kai budurwa a rage mata jiki in ba aure ne ya matso ba? Kuma wace uwar miji ce za ta zauna shekara ɗaya da rabi ba ta tanka ba? Daga wata na uku za a fara jin, “Har yanzu shiru?” Yarinyar ba za ta iya cewa an yanke mata tumbi ba, don an gargaɗe ta kada dangin miji su ji. Ciki a jikin da ba jini, abin da ake tsoro shi ne jariri ɗan mitsitsi, da uwar da zubar jini kaɗan wurin haihuwa ya isa ya tafi da ita.

Akwai kuma zafinmu. A Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40. Mai lafiya ya dawo daga rana sai ya cika moɗa ya kafa kai ya shanye. Ita ba za ta ƙara iya haka ba. Kurɓa-kurɓa za ta wuni tana yi, kuma ba a haɗa mata ci da sha lokaci guda. Loma kaɗan ta ƙoshi, azumi kuwa sai likita ya amince. In ta sha zaƙi, raken fadamarmu ne ko shayi mai suga ko lemun kwalba, musamman bayan aikin ratse, sai gumi ya karyo mata, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jiri ya ɗebe ta, gudawa ta biyo baya. A gidajenmu in budurwa ta yanke jiki ta faɗi tana gumi, kowa ya san ba asibiti ake fara tunani ba. Hayaƙi ake kawowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne amai. Yakan zo a watannin farko, kuma in ya daɗe bitamin B1 na ƙarewa a jiki cikin mako biyu zuwa uku, sai ƙwaƙwalwa ta taɓu: yarinya ta rikice, ido ya riƙa rawa, tafiya ta koma tangaɗi. Mu kuwa in mutum ya galabaita babu abin da muka yarda da shi kamar ƙarin ruwa. To in aka ɗaura mata ruwa mai suga ba a fara ba ta wannan bitamin ba, ana iya ƙara mata ciwon, kuma lahanin kan zauna har abada. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ba shi da laifi in bai gane ba. Bai taɓa duba mai irin wannan ciki ba, kuma ba a gaya masa an yi aikin ba. Haka ƙwayoyin ciwon jiki, su diklofenak da ibufurofen, da kowace yarinya ke haɗiya in mara ta murɗa: ga wadda aka ɗinka wa hanji a tumbi, gyambo suke jawowa a wurin ɗinkin, har ya yi jini ko ya huje.

In ɗinki ya yi yoyo a kwanakin farko, ko hanji ya harɗe bayan shekaru, awoyi ake da su, ba kwanaki ba. Sai an nemo mota, a bi ta Takeita a kai Babban Asibitin Damagaram, a samu likitan fiɗa ya buɗe cikin da wani ya sauya wa tsari a wata ƙasa, ba tare da bayanin abin da aka yi ba. Lisa Marie Presley, ɗiyar mawaƙin nan Elvis, ta rasu a Janairu 2023 a yankin Los Angeles tana da shekara 54, binciken gawarta ya nuna toshewar hanji ce sanadiyyar tabon aikin rage ƙiba da aka yi mata shekaru baya. Ga kuɗi, ga asibiti a bakin ƙofa. A Maris 2023 BBC ta gano ƴan Birtaniya bakwai da suka mutu tun 2019 bayan sun je Turkiyya an yi musu irin wannan aiki. Dillali ba zai kawo maka waɗannan labarai ba, ba kuma zai bambance maka rage tumbi da zuƙe kitse ba, wanda aikin kwalliya ne, ba ya maganin suga ko hawan jini, kuma shi ma yana kisa. Bayan irinsa ne Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sifen a Oktoba 2005.

Amma in na tsaya a nan na bar jaki ina dukan taiki. Ɓarnar da ta riga ta shigo gida ba ta wuƙa ba ce. Ƙibar ma da hannunmu muke ɗora wa ƴaƴanmu ita.

Ku je kasuwa ku tsaya kusa da mai tallar magani, wanda ya jera fakiti a tire ko a bayan keke, rana na dukansu tun safe. Ba za ku daɗe ba za ku ji an rage murya an ce, “Malam, akwai na ƙiba?” Ba ya tambayar shekaru, ba ya neman takardar likita. Zai ƙirgo ƴan ƙananan ƙwayoyi ya ƙulle a leda, wani lokaci ya haɗa da kwalbar ruwan buɗe ciki. Shi ne sha-ka-fashe. Akasari deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa da awo don kumburi ko asma mai tsanani, ko kuma sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa da ke sa cin abinci da yawan barci. Wannan na biyun ne ke cikin Apetamin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023 saboda illarsa ga hanta da sauran jiki. An sha ba da labarin matan da ke shan har da na kiwon dabbobi.

Sau da yawa ma ba yarinyar ce ke zuwa saye ba. Biki saura wata biyu, ƙanwar uwa ta zo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Yaya, haka za ki kai ta ɗakin miji, ƙashin wuya duk a waje? Ai sai a ce ba ma ba ta abinci.” Uwar ta ce, “To ya zan yi da ita, ba ta ci.” Ta ce, “Bar ni da ita.” Daga ranar ake fara zuba mata a kunu ko a fura, wani lokaci ba da saninta ba. Ba mugunta ba ce, so ne da gudun gori. Son cikar jikin mace tsohon abu ne a Sahel. Rebecca Popenoe ta rubuta littafi guda a 2004 kan yadda Larabawan Azawak a ƙasarmu ke ɗura wa ƴan mata nono da gero tun suna ƙanana. Wancan ma da illarsa, amma na yau ƙwaya ce mai sauya aikin jiki gaba ɗaya.

Ku dube ta da kyau bayan wata biyu-uku. Fuska ta kewaye tana sheƙi, kumatu sun cika, kitse ya taru a ƙeya da tsakanin kafaɗu, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu sun sirance. Nankarwa mai faɗi, mai duhu, ta keto ciki da cinya. Ƙuraje sun feso, gashi ya fara fitowa a haɓa, haila ta rikice, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. In ta tsuguna wurin wanke-wanke, ba ta tashi sai ta dafa ƙasa. Maƙwabta na cewa ta yi kyau, ta samu hutu, alhali naman jikinta ne ke narkewa, ƙashi na raunana, suga da hawan jini na shigowa, garkuwar jiki na faɗuwa har tarin fuka ya samu ƙofa. Wadda ba ta gama girma ba tsawonta ma na iya tsayawa.

A nan ne ɓarnar biyu za su haɗu, kuma wannan haɗuwar ce nake roƙon Allah kada mu gani. Al'adarmu na son cika amma tana da iyaka. In jiki ya wuce, masu yabon jiya su ne masu gorin yau. Yarinyar da aka ɗura wa ƙwaya tana 15, tana kai wa 18 da nauyin da ya fi ƙarfinta, sai wani ya nuna wa mahaifinta bidiyo. A kai ta asibitin waje, likita ya tambaya ko tana shan wani magani, a ce a'a, don kunya, ko don ba a ɗauki abin kunu a matsayin magani ba. Wanda ya daɗe yana shan deksametazon, wasu ƴan halittu biyu da ke saman ƙodarsa suna daina fitar da sinadarin da jiki ke jure wahala da shi. In aka yi masa tiyata ba a shirya wa wannan ba, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya ya tafi ke nan, in ya tsallake kuma ɗinkin ya ƙi kamawa. Ga shi tun asali ba tumbinta ne ya yi laifi ba. Maganin ƙibarta shi ne a janye ƙwayar a hankali. Na ce a hankali, domin raunin halittun nan na saman ƙoda ne ya sa tsayar da ita rana ɗaya shi ma yana kisa: amai, kasala, jiri, suma. Duk wadda ta wuce mako uku tana sha, kada ta jefar da ita yau don ta karanta wannan rubutu. Likita ne zai tsara mata yadda za a riƙa ragewa.

Ko ba ƙwaya, ƙibar yara na tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa kusan miliyan 160 ke da teɓa, adadin ya ninka huɗu in aka kwatanta kasonsu da na 1990. A Satumba 2025 UNICEF ta sanar cewa a karon farko masu teɓa cikin yara ƴan makaranta sun fi ramammu yawa a duniya, in ban da Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Mu har yanzu tamowa ce babbar yaƙinmu, kusan rabin ƙananan yaran jiharmu tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma masana sun daɗe suna nuna cewa jikin da ya taso cikin rashi, in daga baya ya samu zaƙi da maiƙo, ya fi saurin kamuwa da suga da hawan jini. Lemun kwalba da taliyar leda da biskit sun shiga kowane shago, babur ya karɓe tafiyar ƙafa. Allurar rage ƙiba ta Wegovy, da Amurka ta halatta wa ƴan shekara 12 zuwa sama a Disamba 2022, ita ma labarinta na yawo. Tana da tsada, in an daina nauyin na dawowa, kuma a Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun ƴar'uwarta Ozempic da aka kama a Birtaniya da Amurka da Brazil. Wadda za a aiko maka ta WhatsApp cikin kwali, ta kwana a tasha cikin zafi, ba ka san me ke cikinta ba.

To yaron da ƙibarsa ta gaske ce, mai nauyin da ke hana shi sujada da daɗi, mai minsharin da ke yankewa cikin dare, mai baƙin tabo a bayan wuya wanda ake zaton datti ne ana ta cuɗa shi alhali alamar suga ce ke tafe? Wannan mara lafiya ne, kuma a daina yi masa gori, don gori bai taɓa rage wa kowa kilo guda ba, ɗaki yake tura yaro ya ci a ɓoye. A kai shi asibitin gari a auna nauyi da tsawo da suga da hawan jini, in an tura Damagaram a je. Gyaran abinci kuma na gida duka ne. Ba a hana yaro lemu ana sha a gabansa. In har ƙwararru, ba dillali ba, suka ce sai aiki, mahaifi ya tambaya kafin ya biya ko dala: matasa nawa wannan likita ya yi wa, wa zai duba yarinyar a nan gida bayan wata ɗaya da bayan shekara biyar, ina za a riƙa samun magungunanta da awonta, kuma an yarda a ɗage maganar ciki shekara ɗaya da rabi? A karɓo cikakken bayanin aikin a rubuce da Faransanci. Ita ma yarinyar a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mahaifinta ba, don cikinta ne, ita za ta zauna da shi shekara 50. In ɗaya daga cikin waɗannan ba ta da amsa, kada a tafi.

Ina roƙon limamanmu su taɓo maganar ƙwayar ƙiba a huɗuba, masu gidajen rediyo su gayyato likita ya yi bayani da Hausa, ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar duk amaryar da fuskarta ta kewaye me take sha. Masu sarauta a ƙasar Kance su kira masu tallar magani su yi musu kashedi, hukuma kuma ta bi tiren nan da ke yawo kasuwa-kasuwa.

Ke kuma uwar da kika san ana zuba wa ɗiyarki abu a kunu, ko ke ce ke zubawa, gobe da safe ki ɗauki fakitin, ko da fanko ne, ki kama hannunta ku tafi asibiti. Ki gaya wa likita yaushe aka fara da guda nawa take sha a rana, kada ki rage ko ɗaya don kunya. A auna mata suga da hawan jini a ranar. Janyewar na iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma mai yiwuwa fuskar ta saɓe kafin ranar biki. Ki bar ta ta saɓe.